Gurbin Baba a Gidan Kaji

Litinin, 5 ga Yuli 1976, bayan azahar

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko Inna: ina jin daɗin zuwa gidan kaji. Da sassafe idan na ji ƙararrawar keken Bappa Hamza a ƙofar gida, zuciyata har wani tsalle take yi. Sai kuma in tuna dalilin da ya sa nake zuwa, kunya ta rufe ni. Da Baba lafiyarsa lau, da ina gida ina wanke-wanke.

Wannan ragowar littafin lissafina ne na aji bakwai. Mun gama makaranta watan jiya, shafuka sun rage da yawa, na ga bai kamata su lalace ba.

Makon jiya ne abin ya samu Baba. Ba zan rubuta yadda ya faru ba. Yana ɗaki. Inna ta ce duk wanda ya tambaya a ce zazzaɓi ne.

Baba lebura ne a gidan kajin bincike da ke hanyar Shika, tun kafin in yi wayo. Aikin rana ne, ba a tabbatar da shi ba, kuma idan mutum ya daɗe bai zo ba sai a ba wani gurbinsa. Da aikin nan muke ci, da shi muke zaune a ɗakinmu na Hayin Dogo. Shi ya sa Bappa, ƙanen Baba, yake barin gonarsa a Hanwa ya zo ya riƙe masa. Haka leburori suke yi wa junansu, manya suna kau da kai. Ni kuma ina bin sa saboda bai san lambobin boko ba, a can kuwa komai da lambarsa.

Alhamdulillahi da Bappa.

Talata, 6 ga Yuli, da la'asar

Shugaban leburori sunansa Oga Ogbonna. Ya san ni tun ina kai wa Baba abincin rana. Ya dube ni, ya dubi Bappa, ya ce shi dai bai ga kowa ba sai Zailani, wato Baba, amma a gaya wa Zailani zazzaɓin nan kada ya daɗe, don idonsa zai gaji da rashin gani. Bappa ya yi ta godiya. Ni na dai durƙusa.

Ɗakunan biyu ne. Akwai babba, na kaji masu ƙwai, can Bappa yake tare da wani Sati, suna ɗiban ruwa da shara. Akwai kuma ƙarami, na Anti Modupe. Ɗaliba ce a jami'a, tana karatun da ya wuce digiri. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta kamar tamu, sai dai da sauri take magana. Tana zuwa a ɗan babur. Baba ne mai taimaka mata. Ta ce idan na iya karanta lamba da sikeli, to in tsaya wurinta kafin ya warke. Sai da ta tambaye ni sunana sau biyu don ba ta ji ba. Ta ce, "To Safiya, a nan sai kin ɗaga murya. Zakaru ba sa yi wa kowa shiru."

Zakaru ashirin da huɗu ne, kowanne a kejinsa, kowanne da tire a ƙarƙashinsa.

Laraba, 7 ga Yuli, bayan magariba

Baba da sauƙi.

Juma'a, 9 ga Yuli, da la'asar

Yau Anti ta gaya mini abin da take nema. Bara cuta ta cinye gyaɗa, ƙuli-ƙulin da ake haɗa abincin kaji da shi ya yi wuya, masara ma ta yi wuya. Tana so ta san ko dawa da angurya za su iya tsayawa a madadinsu. Ta ce kaza za ta ci kusan duk abin da aka zuba mata, amma ba cin ne magana ba, abin da jiki ya riƙe ne. Za a auna abin da kowane zakara ya ci, a tara kashinsa a auna, a busar, a niƙa, a kai ɗakin gwaji a duba abin da ya rage a ciki. Abin da ya shiga bai fito ba, shi ne ya amfane shi.

Na gane, kuma na ji daɗin ganewar. Ban faɗa mata ba.

A kan keke na maimaita wa Bappa. Shi Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Ya yi dariya har keken yana layi. Ya ce, "Uwata, wato mutum ya yi ta boko har ya wuce digiri, ƙarshenta ya zo yana auna kashin kaji?" Na ce e. Ya ce to Allah ya ba da sa'a, shi dai abin da ya sani kashin kaza babu takin da ya kai shi.

Lahadi, 11 ga Yuli, da hantsi

Malamin unguwarmu ya zo ya yi tofi, ya bar rubutu da hayaƙi. Inna ta rufe ƙofa da labule. Maƙwabciyarmu Clementina ta kawo lemo, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ko za a kai shi asibiti. Inna ta ce ai da sauƙi. Da ta tafi Inna ta zauna ta daɗe tana kallon lemon.

Ni nake ba shi kunu da cokali. Ba ya so in kalle shi idan ya zubo, don haka nake kallon bango.

Litinin, 12 ga Yuli, bayan la'asar

Yau an hana zakaru abinci, ruwa kawai. Anti ta ce sai cikinsu ya zama babu komai kafin a fara, don kada tsohon abinci ya haɗu da sabo. Kafin azahar sun cika wurin da kuka, suna saran kwanon da babu komai.

Bappa ya leƙo, ransa a ɓace. Ya ce a tsare dabba a hana ta abinci alhaki ne, kuma gidan da ke da marar lafiya bai kamata ya ɗauki irin wannan ba. Anti ta ce yini ɗaya ne kawai, gobe za su ci su ƙoshi, kuma idan aka gano abincin da ya fi, kaji dubbai ne za su huta. Ya ce to su waɗannan an tambaye su? Ta yi murmushi ta ce a'a, Baba Hamza, ba a tambaye su ba. Ta roƙe shi ya bar mata ƙaramin ɗaki, ita da ni. Ya ce ya bari.

Na ga hannunsa a aljihu, na san akwai tsabar gero a ciki. Na tsaya a bakin ƙofa na tare hanya har ya juya. A tsakar fili ya watsa wa kurciyoyi.

Talata, 13 ga Yuli, bayan magariba

An fara. Na auna abinci, Anti tana duba idon sikeli a bayana. Da yamma muka zaro tire-tire. Akwai gashin kaza da ɗan abincin da ya zuba a ciki, sai an tsince su ɗaya bayan ɗaya da matsefata, irin ta cire ƙaya. Anti ta ce hannuna ya fi nata natsuwa. Tun da nake ba a taɓa yaba hannuna ba.

Da na dawo na zauna kusa da Baba na ba shi labari. Na ce lamba bakwai mafaɗaci ne, ya sare ni a yatsa. Gefen bakinsa ya motsa. Ya daɗe yana ƙoƙari, sannan ya ce, "Kaji." Ita ce kalma ta farko tun ranar. Inna ta fito daga bayan labule da sauri, ludayi a hannu. Ta ce, "Suna nan, Malam. Gurbinka na nan."

Alhamdulillahi.

Laraba, 14 ga Yuli, da yamma

Akwatin ƙarfe mai zafi da ake busar da kashin a ciki ya lalace. Anti ta ce kafin a gyara mu baza na kowane zakara a tirensa a baranda ya sha iska, da lambarsa a jiki. Na rubuta lambobin da alli.

Alhamis, 15 ga Yuli, bayan isha

Baba da sauƙi. Ruwa ya yini.

Juma'a, 16 ga Yuli, da la'asar

Ban je da yamma ba. Da safe mun yi awon ƙarshe, Anti ta ce gobe mai gyara zai zo, sai a busar a niƙa. Ita ta tafi ganin malaminta, ni kuma Inna ta aike ni kemis a Sabon Gari in sayo man shafawa na hannun Baba. Mai kemis ya tambaye ni wane irin ciwo ne. Na ce zazzaɓi. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya ba ni man.

Asabar, 17 ga Yuli, bayan azahar



Da muka isa da safe baranda fes. Tire-tiren duk an wanke su, an jera su a jikin bango suna ƙyalli. Har allin an goge. Na tsaya kawai. Bappa ya jingine keke yana murmushi, ya ce jiya da ya ga mun tashi ya ce bari ya rage mana aiki.

Ashe a babban ɗaki al'ada ce, kashin da aka baza a baranda ya bushe rabon leburori ne. Kowace damina Baba yakan kai wa Bappa buhu ɗaya ko biyu. Shi kuma ya ga da idonsa an auna an rubuta, ya ɗauka an gama da shi. Ya haɗa na zakaru ashirin da huɗu a buhu guda, ya ɗaura a keke, kafin magariba ya zuba wa masararsa a Hanwa. Da dare aka yi ruwa.

Anti ta zo. Ta kalli tire-tiren, ta shiga ɗaki, ta fito, ta sake kallon su. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta tambaya a hankali ina yake. Bappa ya gaya mata, murmushin yana raguwa tun bai kai ƙarshe ba. Ya ce, "Ai an riga an auna, ranki ya daɗe. Me ya rage?"

Ta ce, "Duka."

Ta zauna a kan buhun dusa ta rufe fuskarta da gefen ɗankwali. Aikin makonni ne, kuma abincin angurya da ta haɗa ya kusa ƙarewa. Oga Ogbonna ya zo, ya ji, ya cire hularsa ya mayar. Ya ce wannan ya fi ƙarfin rashin ganinsa. Ranar Litinin dole ya faɗa a ofis wanda ya yi, kuma za a tambaye shi ina Zailani.

A hanya Bappa bai hau keken ba, turawa ya yi ta yi. Ni ina bayansa. Da na tsaya jiya da yamma, da na hana. Da na buɗe baki tun farko na gaya masa awo ba shi ne ƙarshe ba. Na maimaita masa maganar Anti a kan keke, amma da ya yi dariya sai na yi shiru.

Ba mu gaya wa Baba ba.

Lahadi, 18 ga Yuli, bayan la'asar

Ina tsakar gida ina wanke zannuwan gadon Baba na ji babur. Anti ce, da kayan coci, ko gida ba ta biya ba. Ta gaida Inna a tsaye. Ta ce wurin Malam Zailani ta zo. Ya san aikinta ciki da waje, ya san abin da ta sha kafin ta kai nan, don me zazzaɓi zai sa ya turo mata wanda bai sani ba, ko saƙo babu? Inna ta tare ƙofar ɗaki ta ce barci yake yi.

Sai muka ji ƙwanƙwasa. Baba ne yake buga kofi a ƙarfen gado. Ya ji muryarta.

Inna ta matsa. Anti ta ɗaga labule ta shiga, ni ina bayanta da kumfa a hannu. Ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta durƙusa gwiwa biyu a kan siminti da leshinta mai kyau, ta ce, "Baba Zailani, ni ce."

Ya ce, "Kaji."

Ta ce, "Suna nan lafiya. Safiya tana kula da su."

Da ta fito ta zauna a kan 'yar kujerar Inna. Ta tambaya tun yaushe. Inna ta faɗa mata gaskiya, tana kallon ƙasa. Anti ta ce mahaifinta ma irin wannan ya yi, shekarun baya, a gidansu na Jushi, don haka ta san shi idan ta gan shi. Ta ce a ci gaba da addu'a, amma wannan na asibiti ne, kuma an riga an makara ƙwarai. Inna ta ce idan wurin aiki suka sani fa?

Anti ta ce, "Mama, gobe za su sani ko muna so ko ba ma so. Gara su ji daga bakin likita."

Ko sau ɗaya ba ta ambaci taki ba.

Litinin, 19 ga Yuli, bayan magariba

An kai Baba babban asibiti na Tudun Wada a motar wani ɗan cocinsu Anti. An kwantar da shi. Inna tana can. Clementina ta ce in riƙa kwana a ɗakinta.

Talata, 20 ga Yuli, da yamma

Ɗakinmu ya yi girma.

Alhamis, 22 ga Yuli, bayan azahar

An kira Oga Ogbonna ofis an yi masa faɗa, Sati ne ya gaya mini. Anti ta bi shi ta tsaya masa. Abin da aka yanke: tunda likita ya shaida, za a ajiye wa Baba gurbinsa har ƙarshen watan Agusta. Bappa zai ci gaba da riƙewa, amma yanzu da sanin kowa. Ni ba a sa ni cikin ma'aikata ba, sun ce yarinya ce, amma Anti ta ce aikinta ne, ita take zaɓen hannun da take so.

Sati ya ce malaminta ma ya yi mata faɗa sosai, kuma gama karatunta ya ja baya. Ita ba ta gaya mana ba.

Na so in yi mata godiya. Na shirya maganar tun daga gida. Da na tsaya a gabanta sai na ce, "Anti, in share?"

Asabar, 24 ga Yuli, da la'asar

Bappa tun ranar ba ya haɗa ido da Anti. Yau ya zo da buhun dawa daga rumbunsa a bayan keke, ni na zauna a gaba. Ya sauke a ƙofar ƙaramin ɗaki, ya cire takalmi, ya tsuguna. Ya ce ga wannan a haɗa wa zakaru. Ya ce kuma idan zai yi amfani, zai iya komawa gonan ya kankaro ƙasar gindin masaran ya kawo mata, don ya san kunyoyin da ya zuba wa.

Da gaske yake.

Anti ta kalle shi. Na ga leɓenta yana rawa, na ɗauka kuka za ta yi. Dariya ce. Ta yi har ta dafa bango. Ta ce, "Baba Hamza, masarar dai ta ji daɗi?"

Ya ce, "Wallahi ranki ya daɗe, ba a magana. Ta yi shar."

Ta ce to alhamdulillahi, ko ba komai wani ya ci jarrabawa. Ta karɓi dawar, ko da yake ta gaya mini daga baya sai an gwada ta ita ma kafin a ba su.

Lahadi, 25 ga Yuli, bayan magariba

Na je asibiti. An yi masa aski. Akwai wata ma'aikaciya da take lanƙwasa masa ƙafa da hannu safe da yamma. Ƙafar ta fara amsawa. Hannun dama bai motsa ba. Ya ce "Safiya", ba duka ba, amma na ji.

Baba da sauƙi. Yau da gaske nake rubutawa.

Laraba, 28 ga Yuli, da yamma

Anti ta samo angurya daga injin gurzar auduga. Mun yini muna haɗa abinci da shebur, har cikin hancina.

Juma'a, 30 ga Yuli, bayan la'asar

Abin da ya faru yau ban san yadda zan rubuta shi ba. Bayan masallaci Bappa ya kira ni bayan sito, inda babu kowa. Ya ɗauki gawayi ya miƙo mini. Ya ce, "Uwata, koya mini lambobin nan. Kada in sake ɓarna."

Ni in koya wa ƙanen ubana? Na kasa ɗaga kai. Ya ce ai uwa ce take koya wa ɗanta, ina abin kunya. Na rubuta ɗaya zuwa biyar a jikin bango. Yana bi da yatsa, yana motsa baki kamar mai karatun allo. Huɗu ta ba shi wuya. Ya ce ta yi kama da mutum ya harɗe ƙafa a majalisa ba a gayyace shi ba.

Talata, 3 ga Agusta, da yamma

Shida da tara. Ya ce abu ɗaya ne, ɗayar ce kawai ta yi adungure.

Litinin, 9 ga Agusta, bayan azahar

An sake hana zakaru abinci. Bappa bai ce komai ba. Ya cika musu ruwa, ya tsaya yana ba su haƙuri ɗaya bayan ɗaya, da lambarsu. Ya kai har goma sha tara bai yi kuskure ba.

Asabar, 14 ga Agusta, da la'asar

An gama. Akwatin zafi ya yi aiki, mun busar, mun niƙa, mun zuba a kwalabe, na liƙa lambobi. Bappa ne ya ɗauki kwalin ya kai ɗakin gwaji, da hannu biyu, yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Na lura zakarun da suka ci angurya sun fi fitar da kashi da yawa. Na daure na faɗa wa Anti. Ta ce ita ma ta gani, amma kada mu yanke hukunci sai ɗakin gwaji ya yi magana. Ta ce mu, mu biyu. Na yi ta juya kalmar har gida.

Bappa ya kawo mata sabuwar masara cikin kwando, ya ce rabonta ne, da takinta aka yi.

Laraba, 18 ga Agusta, bayan magariba

An sallami Baba. Anti ta raka mu. Likita ya yi mata bayani da Turanci, ita ta juya wa Inna da Hausa. Na ji duka biyun. Na Hausar ya fi laushi.

Yana takawa da sanda daga gado zuwa ƙofa. Alhamdulillahi, da ba mu zaci ko wannan ba.

Alhamis, 19 ga Agusta, da sassafe

Ba zai sake ɗaukar bokiti ba. Na rubuta.

Asabar, 21 ga Agusta, bayan la'asar

Oga Ogbonna ya zo gaisuwa da burodi. Baba ya yi murna, ya nuna masa yadda yake takawa, ya je ƙofa ya dawo, gumi yana zubo masa. Ya nuna ƙafar, ya nuna hanyar Shika da sanda. Oga ya ce, "Sannu sannu, Zailani. Wurinka yana jiranka."

A waje ya tara Inna da Bappa, ni ina riƙe masa keke. Ya ce ya ji abin da likita ya faɗa, ofis ma sun ji. Ƙarshen wata za a cike gurbin. Ya yi magana, Anti ta yi magana, sun yarda a sa sunan Hamza tunda yanzu yana karanta lamba, don aikin ya zauna a gida. Amma yana son amsa kafin ƙarshen mako mai zuwa, in ba haka ba akwai masu jira a bakin ƙofa.

Inna ta fara godiya. Bappa ya girgiza kai. Ya ce riƙo daban, karɓa daban. Ya riƙe wa Yaya, zai riƙe har ƙarshen ransa, amma a goge sunan Yaya a sa nasa, yana raye yana numfashi, bai sani ba? Ya ce ba zai iya ba sai Yaya ya ji ya yarda. Oga ya ce to a gaya masa mana. 

Lahadi, 22 ga Agusta, da yamma

Inna ta ce Bappa ya gaya masa, ɗan'uwansa ne. Bappa ya ce da wane baki, shi da zai gaje wurin? Gara Inna ta gaya masa, matarsa ce. Inna ta ce tun ranar farko take ce masa gurbinsa na nan, da maganar nan ya tashi ya taka, idan ta janye ta ya koma ya kwanta fa?

Dukansu suna da gaskiya.

Litinin, 23 ga Agusta, bayan azahar

Anti ta ce idan muna so ita za ta gaya masa. Inna ta yi godiya ta ce a'a, ta riga ta ɗauki nauyinmu da yawa, wannan na cikin gida ne. Anti ba ta matsa ba. Tana wanke kwalabe ta ce mini mahaifinta an ɓoye masa abubuwa da yawa don tausayi, daga baya suka gane ya sani tuntuni, yana yin shiru ne don ya tausaya musu su ma.

Talata, 24 ga Agusta, da la'asar

Baba ya taka har bakin famfo. Da ya dawo ya zauna, ya sa hannun hagu ya ɗaga na daman, ya ɗora a kan hannun butar Inna, ya sake shi. Ya zame. Ya sake ɗorawa. Ya zame. Bai san ina kallo ba. Ya daɗe yana kallon hannun, ba da fushi ba.

Laraba, 25 ga Agusta, bayan la'asar

Yau ake duban watan azumi. Inna tana surfen gero, Bappa ya wuce Hanwa bai shigo ba, daga ƙofa ya yi sallama. Jibi Oga zai nemi amsa.

Na zauna na yi tunanin mutanen da suka tsaya mana cikin makonnin nan: Bappa da kekensa, Oga da ya ci faɗa saboda mu, Clementina da tabarmarta, Anti da aka ɓata wa aiki ta zo da fushi ta koma da neman mota. Kowa ya yi abin da ya fi ƙarfinsa. Allah ya saka musu da alheri. Saura wannan ɗaya, kuma na duba ban ga wanda ya rage ba.

Ban gaya wa Inna ba, don za ta hana. Gobe da hantsi za ta je kai niƙa. Idan na gama yi masa alwala zan ba shi labarin zakaru kamar kullum, in gaya masa Bappa ya iya lambobi har ashirin da huɗu, in gaya masa labarin takin ma, don bai taɓa ji ba. Daga nan in faɗi sauran, da murya yadda zai ji, ba tare da na kalli bango ba.

Zan zauna ta hagunsa, inda zai iya riƙe hannuna in ya so.